Mai Ƙwarya a Ƙofar Mu'azu

Hafizu na kan tsani yana ɗaure kyamara a saman ƙofar gida, Mu'azu na ƙasa yana ta ce masa ya ƙara ɗaga ta, kada wani ya miƙa sanda ya fasa. Hafizu ya ce in ta yi sama da yawa tsakar kan mutane kawai za a riƙa gani. Mai gida ya kafe, shi kuwa mai haɗa na'ura ba ya jayayya da wanda ya kira shi aiki.

A ɗaki ya ajiye baƙin akwatin da ke naɗe duk abin da kyamarar ta gani, ya jona shi da intanet da batirin sola, ya saka wa Mu'azu manhaja a waya. Ya nuna masa inda zai taɓa ya ga ƙofarsa kai tsaye daga shagonsa na maganin dabbobi a kasuwar Tudun Wada, da inda zai ja baya ya ga abin da ya wuce. Sauti ne kawai bai haɗa ba, wayar makirfo ta yanke masa, ya ce zai kawo wata.

Da can Mu'azu ba matsoraci ba ne. Ɗan ruga ne daga hanyar Doguwa, ɗan fari, kakarsa ce ta raine shi, ya yi kiwo a dajin da 'yan gari ba sa shiga ko da rana tsaka. Mahaifiyarsa irin matan zamanin da ce masu kunyar ɗan fari. "Wancan" take ce masa, in ya je gaishe ta fuskarta na bango take amsawa, gidan nan da ya gina ma ba ta taɓa shigarsa ba. Ya tashi bai san lallashi ba, bai kuma san fargaba ba, sai da ya haifi Rufaida, 'yarsa tilo, wadda ba ta jima da fara tafiya ba. Tun da aka sace 'ya'yan wani ɗan kasuwa a ƙauyen kusa da su, aka ce wata mai talla ce ta riƙa leƙen gidan tana kai rahoto, abinci ya daina yi masa daɗi.

Wata ranar kasuwa da ya dawo gida ya ja hoton baya. Da azahar, lokacin da maza ke masallaci layin ya yi tsit, sai ga ƙwaryar nono rufe da faifai ta shigo hoton. Ba a ganin komai a ƙarƙashinta sai gefen baƙin zane da hannu ɗaya. Matar ta tsaya ta daɗe, ta ɗora tafin hannunta a jikin ƙofa, ta matsa da kai kusa kamar mai sauraro, sannan ta juya ta tafi.

Ya tambayi matarsa Bushira, ta ce ita ba ta ji sallama ba, ba ta ji an ce a sayi nono ba. Wace mai talla ce za ta zo ƙofar gida ta yi shiru?

Kasuwa ta zagayo, ƙwaryar ta dawo. Wannan karon Rufaida ta tako har bakin zaure. Matar ta tsuguna ba ta sauke ƙwaryar ba, ta dafa kan yarinyar, ta riƙe 'yar ƙafarta tana juyawa. Bushira na leƙowa matar ta miƙe da sauri ta sha kwana. Mu'azu ya yi ta maimaita wurin.

Washegari ya kai wa Sani, shugaban 'yan sa-kai na unguwa, wayar. Sani ya kalla ya girgiza kai, ya ce ai alama ce take sa wa gidan, yarinyar kuma ta gama gane ta.

"Ka tafi shagonka kamar kullum, kada ta ga sauyi," in ji shi. "In ta dawo ba za ta koma da ƙafarta ba."

Mu'azu ya san abin da gorar 'yan sa-kai ke yi wa mutum kafin a tambaye shi sunansa. Ya tuna da ƙafar Rufaida a hannun matar, bai hana shi ba.

Ranar kasuwar da safe Hafizu ya zo da wayar makirfon da ya yi alkawari. Ya jona makirfon, ya taɓa wani wuri a manhajar, kukan kaji ya fito ras daga wayar Mu'azu.

Aka kira azahar yana shago, ya kasa tashi. Ya ƙura wa wayar ido. A gefen hoton yana hango inuwar mutanen Sani a bayan katangar maƙwabci. Can sai ga ƙwaryar. Yanzu yana jin takun takalmin roba da numfashin wanda ya sha tafiya. Hannun ya sauka a jikin ƙofa.

Sai wata murya ta fara, ƙasa-ƙasa, rabi Fulatanci rabi Hausa. Tana roƙon Allah ya makantar da masu satar mutane daga gidan nan, ya tsare 'yar ƙaramar da ke cikinsa, ya tsare mai gidan a hanya da kasuwa. Mu'azu ya miƙe zumbur, kwalaben magani suka zube. Ya shiga laluben lambar Sani.

Gorori sun riga sun shigo hoton, ita kuwa ba ta waiwaya ba, tana ƙarasa addu'arta. A karo na farko tun da ta haife shi, Mu'azu ya ji mahaifiyarsa ta ambaci sunansa.