Shaidar Minti Biyar

Ya sauko daga gaban kwamitin lafiya ana ta tafa masa. Minti biyar aka ba shi, ya ba da labarin yadda cutar ta kwantar da shi da matarsa rana ɗaya, aka sa su cikin gwajin sabon maganin. Rabin majinyata aka yi wa allurar gaske, rabi ruwan gishiri, ba wanda ya san nasa. Shi ya tashi, ita aka binne ta.

"Da ita ma ta samu maganin, da tana zaune nan," ya faɗa wa likitocin da ke sukarsa. Suka sunkuyar da kai. Kafin tsakar rana kwamiti ya amince a raba maganin a duk asibitocin jihar.

A wurin ajiye motoci ya tarar da 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, riƙe da ambulan.

"Baba, sai da na roƙe ka ka jira sakamakon gwajin."

"Ke dai ba kya gajiya da gardama. Ga ni tsaye, wane sakamako kuma?"

"Ɗazu ya iso." Ta miƙa masa ambulan ɗin. "Ruwan gishiri aka yi maka, Baba. Mama ce ta samu maganin."

Ya jingina da mota. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ƙanensa ne daga gadon asibiti, yana haki.

"Yaya, na gan ka a talabijin. Da na ƙi, amma yanzu na sa hannu. Ga shi ma ana ɗaura min."