Kwamfutoci Talatin a Sashen Tarihi

Tunda an danƙa maka riƙon sashe, saurari wannan misali. An yi wani shugaban sashen tarihi a wata jami'a, dattijo mai tsantseni, wanda aka kawo wa kwamfutoci talatin sababbi fil domin ɗalibansa su koyi aiki da su. Ya leƙa ɗakin na'urorin 'yan kimiyya, ya ga rabinsu a lalace, madannai sun goge, wayoyi a warwatse. Sai ya shiga tunani. Idan masu abin sun yi musu haka, ina ga nasa yaran da ba su san komai ba sai littafi da biro? Ga shi baɗi kwamitin tantance kwasa-kwasai zai zo, kuma idan bai gamsu ba za a hana sashen ɗaukar sababbin ɗalibai. Don haka ya garƙame ɗakin, ya jefa makulli a aljihu. Darasin kwamfuta kuwa aka mai da shi kan allo. Malami ya zana na'ura da alli, ɗalibai su kwafa. To, ɗan tarihi ai ba a koya masa hadda. Suka haddace wanda ya ƙirƙiro ta da shekarar da aka yi, suka ci jarrabawa da maki mai tsoka.

Ranar da kwamiti ya iso, dattijo ya buɗe ƙofa yana murmushi, na'urori na ta ƙyalli ko ledarsu ba a ɓare ba. Shugabar kwamitin ba ta ko ƙirga su ba. Ta zaɓi ɗalibai biyar 'yan ajin ƙarshe, ta ce kowa ya zauna ya rubuta mata sakin layi ɗaya a kan bincikensa. Wanda ya fi kowa maki ya yi ta shafa bayan na'ura yana neman wurin kunnawa. Wata ta kwashe minti goma tana farautar haruffan sunanta da yatsa ɗaya. Kunya ta rufe dattijo, ya rasa inda zai sa kansa. A shekarar ba a bar sashen ya ɗauki ɗalibi ko ɗaya ba.

Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce, garin neman gira a rasa ido.