Farar Asusena a Gidan Doña Herminia

Shekara goma sha ɗaya Doña Herminia tana jiran a kawo mutum-mutumin Maryamu gidanta. A unguwarmu haka ake yi duk watan Mayu. Kowace rana yakan yini a gida daban, a ƙawata masa tebur da furanni, mata su taru da la'asar su yi addu'a, a sha cakulan mai zafi. Amma Doña Rosaura, mai tsara jerin gidajen, duk shekara sai ta tsallake nata. Wai gidan da ake shuka fure a gwangwanayen fenti bai isa ya sauki baƙuwa mai daraja ba.

Bana dai gurbi ya samu. Tun Janairu aka sa sunanta.

Tun da mijinta ya rasu ita kaɗai ce a gidan, sai Canela, jar kyanwar da ya tsinto a bakin kasuwa. Tare suke ban ruwa da safe, ita da buta, kyanwar tana bin ta gwangwani gwangwani kamar mai duba aiki.

Herminia ta yi alkawarin sai ta rufe bakin Rosaura. Ta shuka asusena, farin furen nan mai dogon wuya da rawayan gari a tsakiya, can bayan gida cikin ragar waya saboda kaji. Ranar da za a kawo mutum-mutumin, ta yanko rungume guda. Don Evelio, tsohon maƙwabcinta da ya yi shekara ashirin yana shara a asibitin dabbobi, ya leƙo ta kan shinge.

"Maƙwabciya, ina za ki da waɗannan?"

"Ɗaki mana. Ko a kanka zan jera su?"

"Kada ki shigar da su inda Canela take. Furen nan guba ne ga kyanwa. Ko garin ya taɓa gashinta ta lashe, ko ta sha ruwan da aka tsoma su, ƙodarta ta tafi. Da idona na gani, ba sau ɗaya ba."

Ta yi dariya. "Ji likitan tsintsiya! Furen da ake ɗora wa Maryamu ne zai yi kisa? Faɗi gaskiya, Rosaura ce ta turo ka."

"Ni da Rosaura ko gaisuwa ba ma yi. Ki dai rufe kyanwar a wani ɗaki."

"A gidanta? Ba a haifi wanda zai sa in kulle ta ba."

Teburin ya yi kyau, gaskiya. Rosaura ta zagaya shi sau biyu ba ta sami abin kushewa ba. Ana cikin addu'a Canela ta hau ta ratsa tsakanin furannin, ta sauko da rawayan gari a hanci da baya. Mata suka yi dariya, wai ita ma ta zo neman albarka. Ta koma bakin ƙofa ta lashe jikinta tas.

Kafin baƙi su watse ta yi amai. Herminia ta ce gashi ne ta haɗiye, ta ba ta madara da ɗan man zaitun, yadda mahaifiyarta take yi. Maganar Evelio ta faɗo mata a rai, amma ta kasa ƙwanƙwasa ƙofarsa bayan abin da ta ce masa. Washegari kyanwar ta yi kamar ta warke. A rana ta uku ta kwanta ƙarƙashin kujerar marigayin, ba ci, ba fitsari.

Evelio ne ya kai su asibitin dabbobi a gari a tsohuwar motarsa. Likitar ta duba, ta ce da a ranar farko aka kawo ta, da an yi mata ƙarin ruwa, da wataƙila ta tashi. Yanzu ƙoda ta riga ta tsaya.

Canela ta mutu, suka binne ta a tsakar gida, tsakanin gwangwanayen. Herminia ta ɗauki fartanya ta tone asusenar nan har saiwa.

A ranar, mutum-mutumin yana gidan Doña Nubia, wadda take da kyanwa biyu. Herminia ta shiga da ƙasa a hannu, ba ta gaida kowa ba. Ta nufi teburin, ta kwashe asusenar da aka jera a kai duka, ta fita da su titi, ta zubar da ruwan a kwata. Sannan ta dawo da gwangwanayenta huɗu na jan furen wardi ta jera.

"Kin yi hauka ne?" in ji Rosaura. "Gwangwanin fenti a gaban Maryamu? Tun kakanninmu farar asusena ake sawa!"

"To yau an sa wardi. Ki goge sunana daga jerinki, ki goge har abada, ban damu ba. Na binne tawa da safe. Na Nubia ba za su bi ta ba ina tsaye."

Rosaura ta juya tana neman mai goya mata baya. Nubia ta sunkuya ta ɗauki kyanwarta ɗaya ta rungume.

"Ku bar gwangwanayen," ta ce. "Mu fara addu'a."

Jama'a, ba kowane fure mai kyau ne ya dace da gidan da ake kiwon kyanwa ba, asusena kuwa kisa take yi. Ku tambaya kafin ku shigo da shuka, kuma in dabba ta yi amai bayan ta taɓa ta, ku kai ta asibiti a ranar. In an gargaɗe ku, ku saurara, ko da mai shara ne ya faɗa.