Ya Mutu a Hannuna

Muna yankan citta a tsakar gida, ni da Mama, Baba ya dawo daga kotu a Kafanchan. Bai yi sallama ba. Ya zauna a kan turmi, ya cire hula.

Kawu Bulus, ƙanin Mama, ake yi wa shari'a. Ya tarar da wani ɗan kasuwa a hanyar gona an sare shi, ya rungume shi har rai ya fita.

Mama ta ce, "Maigida, me suka ce?"

"An tambaye shi da Hausa, Hausar da ba ta ishe shi cinikin gishiri ba. Ya ce, ya mutu a hannuna. Suka rubuta ya amsa laifi."

"Ai riƙe shi ya yi."

"Na miƙe in faɗa, aka zaunar da ni. Wai an san irinmu, in mun sha burkutu sai adda. Wani da aka kama da jini a riga kuwa, yarensu ɗaya da masu kotun, an sallame shi."

Wuƙar Mama ta tsaya. "Hukuncin fa?"

Baba ya dube ni, ya rage murya. "Rataya."

Ni a lokacin masara kaɗai na san ana ratayewa. Mama ta ci gaba da yanka, yajin citta ya cika mini ido, ba wanda ya kore ni.

Yanzu jikokina suna gardama a gabana, wai mai kisa a kashe shi. Ban yi boko ba. Abu ɗaya nake tambayarsu: da wane yare za a tambaye shi?