Gwaji na Arba'in da Bakwai

Mita sittin aka haƙa a gonar Yari da ke Garu, ko laima ba a gani ba. Bijimai biyu ya sayar a kasuwar Lahadi saboda wannan burtsatse, ga dashen albasa yana jiran ruwa. Cikin mako uku dashen ya ƙone ƙurmus.

Ƙaninsa Na'Allah, mai gyaran kwamfuta a bakin tashar Illela, bai zo jaje ba, faɗa ya zo yi. Bai taɓa zama a ajin jami'a ba, kuma ba ya bari a manta da haka. Duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya ji labarin ranar da wata ƙungiya daga Konni ta Nijar ta sauke masa kwamfuta goma sha biyu da hantsi, kafin la'asar ya haɗa wa kowacce manhaja, motarsu ta kama hanya.

"Wa ya nuna maka wurin ga?" ya tambayi yayansa.

Tayyiba ce, injiniyar da mai haƙar ya ɗauko daga Sakkwato. Ta kakkafa ƙarafa a gonar, ta saki lantarki cikin ƙasa, manhajarta ta juya alkaluman suka zama hoto. Inda shuɗi ya fito, nan ruwa yake. Nan kuwa aka haƙa.

Na'Allah ya kai ƙara gaban mai gari. Kafin a zauna ma, mai haƙar ya sallami Tayyiba. Ita dai ta rantse awonta daidai ne.

"Mi kinka sani ban da takarda?" in ji Na'Allah. "A ba ni kwamfutarta mako guda. Manhajar ga na san ta tun kina haddar jarrabawa."

Ta miƙa masa. Tsohuwa ce, haruffanta a jere irin na Faransanci. Ta hannu ta saye ta, da manhajar a ciki.

Bai yarda da abin da ke cikinta ba. Ya sauko da asalin rubutun manhajar daga inda masu ita suka ajiye, ya zauna zai haɗa ta daga tushe a tasa kwamfutar. Baƙin allo ya yi ta zubo rubutu, ya tsaya cak: wata ƙaramar manhaja da babbar ke dogara da ita ta tsufa. Ya nemo sabuwa, ita ma ta ce sai an kawo mata wasu biyu. Data ta ƙare, janareto ya shanye mai, ya sake daga farko. Yana yi yana rubuta wa kansa bayani a cikin fayil kamar yadda ya saba, rabi bayani rabi zagi.

Rana ta huɗu ta haɗu. Masu manhajar sun sa mata gwaje-gwaje da take yi wa kanta kafin a amince da lissafinta. Arba'in da bakwai ne, duka ta ci.

Ya zuba mata alkaluman Tayyiba. Shuɗin ya tashi daga inda aka haƙa, ya koma gindin tsamiya, taki tamanin gabas. Awon yarinyar daidai ne, wannan bai yi masa daɗi ba. Sai ya kunna gwajin a kwamfutarta.

Arba'in da shida.

Wani ya cire guda, ya tilasta wa manhajar ta haɗu da tsohuwar ƙaramar manhajar nan da ke karkatar da lissafi. Na'Allah ya ga fayil ɗin da aka taɓa, ya ƙi buɗewa. Ya fi son ta buɗe da hannunta, a gaban mutane.

Ranar Alhamis zauren mai gari ya cika. Yari na gefe, ya haɗa kai da gwiwa. Na'Allah ya jera kwamfuta biyu a tabarma, ya nuna hoto biyu, ya ƙirga gwajin da ƙarfi.

"Ranka ya daɗe, ganganci ne. Wanda ya yi wanga aiki ya ga jan rubutun gargaɗi, ya san akwai ɓaraka, ya share ya wuce. Ya yanka bijiman yayana ba wuƙa. Ko ɗan wane ne, a ɗaure shi."

Ya tura wa Tayyiba kwamfutar da ƙafa. "Buɗe. Karanta kowa ya ji, 'yar boko."

Ta buɗe. Gwajin babu shi, sai layi ɗaya da aka bari a gurbinsa. Ta karanta a zuci, ta ɗago ta dubi Yari, sannan ta karanta a fili.

"Na cire gwajin ga, motar Konni na jira. In ruwa ya ƙi fitowa su yi taimama. Na'Allah, bakin tasha."