Tsohuwa Mai Tukwane da Maganin Sau Uku

Kai da ka ce talaka ba ya jin maganar likita, zauna in ba ka misali.

An yi wata ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibitin ƙauye, mace mai ƙwazo, sai dai akwai ta da saurin faɗa. Ana tsakiyar damina wata tsohuwa mai ginin tukwane ta zo mata da gyambo a ƙafa. Ma'aikaciyar ta wanke mata, ta ba ta ƙwayoyi, ta ce ta riƙa sha sau uku a rana bayan ta ci abinci. Da mako ya zagayo tsohuwa ta dawo tana ɗingishi, gyambo ya ƙara ci. Ta kwance bakin zane, sai ga fiye da rabin maganin. Faɗa ya zo wa ma'aikaciyar har baki, sai idonta ya sauka a kan hannun tsohuwar, duk ƙashi, ga yumɓu ya bushe a ƙarƙashin farce. Ta haɗiye maganar, ta jawo kujera ta ce, "Iya, me ya hana ki sha?" Tsohuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yar nan, ai ban saɓa miki ba. Cewa kika yi bayan abinci, mu kuwa sau ɗaya muke ɗora girki." Ashe da damina yumɓu ba ya bushewa, ba a gasa tukwane balle a sayar, ga jikoki uku marayu a hannunta.

Ma'aikaciyar ta zuba wa tsohuwa kunun da ta zo da shi daga gida, ta zauna kusa da ita har ta shanye ta haɗiyi maganin. Tun daga ranar, duk wanda ya zo sai ta tambaye shi me ya ci, a ina yake ɗiban ruwa, ta rubuta. Ba a daɗe ba sai ta gane cewa waɗanda ciwo ke daɗe wa kusan duk daga unguwar masu tukwane suke. Ta kai wa mai unguwa abin da ta gano, masu hali suka haɗa gero, aka riƙa raba wa gidajen har kaka ta yi. Ranar da aka gasa tukwanen farko, da ƙafarta tsohuwa ta taka har kasuwa.

Ka ga da ma'aikaciyar ba ta tambaya ba, da har yau faɗa take yi. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.