Kwanon Shinkafar da Kaka Ya Maido

Na ga Kirsimeti a Lome da Akara, ko'ina fitilu da waƙa. A ƙauyenmu, kusa da Dogarawa, kwanon shinkafa kawai ake kai wa dangi.

Shekarar da babana ya zama Kirista, ranar Kirsimeti da la'asar, inna ta aike ni da kwano wurin kakana, mahaifin babana. Tsohon da kullum yake tsokanata bai ko ɗaga murfin ba. Ya ce, "Mayar mata. Ka ce wa ubanka ina nemansa."

Inna ta taɓa kwanon, da sauran zafinsa. Ta ce, "Maryamu ma, a garin dangin mijinta ta rasa masauki." Sai ta fara naɗe tabarmi.

Kaka ya kore mu, ba mu sake kwana a gidan ba. Tun daga ranar, labarin haihuwar Yesu ya zama labarin gidanmu.